Wa Zai Je Gaida Inna a Azagor?

Ranar da na fara ambaton sunan Nick Saban a majalisarmu ta shayi, wani dattijo ya ɗage rawani daga ido ya tambaye ni ko mutumin sabulu yake sayarwa. Aka bushe da dariya, har mai shayi ya ɓarar da kumfar da ya daɗe yana haɗawa. To, ku ma masu karatu ku yi taku dariyar yanzu ku gama, don in na fara ba zan tsaya jiran kowa ya share hawaye ba. Na san ƙorafinku tun kafin ku buɗe baki: mutum yana zaune a Dakoro, gero bai gama shiga rumbu ba, hanyar Azagor yashi ya cinye ta, shi kuwa ya kwaso mana labarin ƙwallon Amurkawa, wadda ma ba da ƙafa ake yawan taɓa ta ba. Nan kam kun yi gaskiya. Ƙwallon kamar ƙwan jimina take da aka ja shi ta baki biyu, a hammata ake maƙale ta a sheƙa da gudu, ƙarti goma sha ɗaya su bi mutum su danne. Wanda ya raɗa mata suna ƙwallon ƙafa, Allah ya yafe masa. Amma ni ba wasan na kawo muku ba, zawarcin 'yan wasan na kawo, kuma a fagen zawarci ba wanda zai ce mini shi baƙo ne, balle kai Alhaji mai mata uku da kake leƙen ta huɗu.

A can, jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu, kuma ba irin wasan da yaran lakwal ke yi bayan an tashi ba ne. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000. A kwashe Azagor kaf, da mutanenta da raƙumanta da jakunanta, a zuba a ciki, mai gadi zai tambaya ko sauran suna hanya. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 130, kowace tana son ta zama gwana. Sai dai akwai wata doka da ke hana mai horarwa barci: ɗalibi kaka huɗu kawai yake bugawa, daga nan ya ƙara gaba. Ka yi tunanin makiyayin da duk shekara sai an kwashe masa kashi ɗaya cikin huɗu na garkensa, kuma manyan ake zaɓa a kwashe. Shekaru da yawa kowace jami'a gurbi 85 take da shi na 'yan wasan da za ta ɗauke wa kuɗin karatu da ci da kwana. Duk shekara sai an cike giɓin waɗanda suka tafi, da yara 'yan shekara goma sha bakwai ko sha takwas masu gama sakandare. Yaran da ke buga wasan nan a makarantun Amurka sun kai miliyan ɗaya. Cikinsu za ka tsamo naka ashirin da 'yan kai, kuma maƙwabcinka ma su yake hari.

Sai aka samu dillalai, kamar yadda ba a rasa su a kasuwar Sakabal. Kamfanoni ne irin su Rivals da 247Sports, aikinsu su kalli yaro, su auna tsayinsa da nauyinsa da tsawon damtsensa, su sa shi ya tsere yadi 40 suna riƙe da agogo, sannan su liƙa masa taurari. Mai taurari biyar shi ne amalen shekara, kuma a duk faɗin ƙasar talatin da 'yan kai ake samu. Ran da yaro zai faɗi inda zai je, a cikin watan Disamba ko Fabrairu, sai a tara dangi da 'yan jarida a zauren makaranta, a jera hulunan jami'o'in da ke nemansa a kan tebur. Ya kai hannu ga wannan, jama'a su riƙe numfashi, ya janye, ya ɗauki waccan ya kafa a ka. Wata jiha ta ɓarke da guɗa, wata ta kwana da ciwon ciki. Ke Hajiya da kike taɓe baki, ai ke ma haka kika yi wa samarin unguwarku, sai dai ke ba a gayyaci talabijin ba.

"To mu ina ruwanmu?" Na ji ka, Malam mai rediyo. Kai ne dai wanda in ƙarshen shekara ya zo, aka buɗe kokowar takobi, ba ka sanin ko an ba awaki ruwa. Kai ne ka fasa rediyo da takalmi shekarar da aka kada ɗan kokowar da ka sa wa rai. Tun 1975 da aka fara gasar nan a Tawa, zamanin Seyni Kountché, ɗan Maraɗi Yacouba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, ya ɗauki takobin farko, har yau filin kokowar Maraɗi sunansa yake amsawa. Yanzu faɗa mini yadda tsarin yake, ko in faɗa maka. Jihohi takwas, kowace ta kawo ƙato goma, tamanin ke nan. Kowace jiha sai ta gamu da sauran bakwai. Wanda aka kada sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma yana ci gaba da kokowa don jiharsa ta tara nasara. Waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba su ake warewa su fafata, har a samu sarki, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi da doki. To wa ya zaɓo goman nan na Maraɗi? Daga ina aka samo su? Wa aka bari a gida? Ka ga ashe shekara da shekaru kana gardamar da Amurkawa ke kashe miliyoyi a kanta, kai kana yin taka a kan kofin shayi na dala goma.

Nan ne wani malamin zaure ya gyara zama ya jefo mini karin maganar da na san tana tafe: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Amma carar da aka yi a tsakiyar dajin Tarka, wa ya ji ta? Dila? Ka bar ni in ba ka labarin wani yaro da na gani da idona a bakin wata rijiya a ƙasar Azagor, shekarun baya, da rani. Rijiyoyin wurin ka san su, sai an ɗaura igiya a jikin dabba ta yi tafiya kafin wasaki ya leƙo baki. Yaron nan shi ke tarbar wasakin, ya sungume shi shi kaɗai ya juye a komi, tun hantsi har rana ta take. Wani ɗan bajimi ya yi gardamar layi, ya tunkuɗe na gabansa. Yaron bai nemi sanda ba. Ƙaho ɗaya ya kama da haɓa, ya murɗe, ya sa ƙafa, sai ga dabba a kwance tana kallon sama. Ya kakkaɓe hannu ya koma ga igiyarsa, ko kirari bai yi ba. Na tambayi wani tsoho ko yaron yana kokowa. Ya ce yana yi, da kaka, in an gama girbi, kuma a rugagen da ƙauyukan kewaye ba mai kai shi ƙasa. Na ce an taɓa kai shi Dakoro? Tsohon ya dube ni kamar na ce a kai shi wata. Wa zai shayar da dabbobin? Wa zai biya kuɗin mota? Da na sake komawa bayan 'yan shekaru na tambaya, aka ce ya bi ayarin masu haƙar zinariya ya yi Jado. Ƙarfin da ya isa ya girgiza filin Kantu yana can yana fasa dutse.

Da a Alabama aka haifi yaron nan, da tun yana ɗan shekara goma sha biyar an ɗauki majiginsa, an auna faɗin tafin hannunsa, kuma manyan mutane sun fara kiran mahaifiyarsa suna tambayar lafiyar ƙafarta. Kada ku ce ai su can tun suna zanen goyo suke koyon wasan. Christian Okoye ɗan Enugu ne, jifan faifai ya kai shi Jami'ar Azusa Pacific a California a 1982. Da Nijeriya ta bar shi a gida ba ta tafi da shi gasar Olamfik ta 1984 ba, sai ya karkata ga ƙwallon da bai taɓa bugawa ba, yana da shekara 23. A 1987 ƙungiyar Kansas City ta ɗauke shi, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a babbar gasar ƙasar, yadi 1,480. Ba a haife shi da ƙwallo a hammata ba. Wani ne ya dubi ƙirjin nan da cinyar nan ya ce kai, wannan akwai abin yi da shi.

Yanzu ga ɗan kasuwa ya taso, mai kalkuleta a aljihun gaba. Ya ce duk wannan surutu ne, kuɗi ne ke magana: ka tara miliyoyi, ka kwashe manyan ƙarti, ka kwanta ka jira kofi. Yallaɓai, zauna, ina da labarinka. A 2022 Jami'ar Texas A&M ta yi kamun da masu ƙidayar taurari suka ce ba a taɓa yin irinsa ba, masu taurari biyar har takwas a shekara ɗaya. Aka yi ta buga ganga tun ba a shiga fili ba. Kakar ta zo, suka ci wasa 5, aka cinye su 7. Yaran suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamba na 2023 aka sallami mai horarwar, Jimbo Fisher, kuma saboda yarjejeniyar da aka ƙulla da shi, sai da aka ɗauki alkawarin biyansa dalar Amurka fiye da miliyan 75 don kawai ya tattara kayansa ya tafi. Ka ji mutumin da aka kora ya fi wanda aka ɗauka riba. Ni dai in haka kora take, ina neman wanda zai kore ni.

Abin da ya faru da su, kowane Bafulatani ko Buzun Azagor zai iya gaya musu kyauta. Ka taɓa ganin mai hankali ya je kasuwa ya sayo bajimai goma ya ce ya kafa garke? Abin da zai samu shi ne ƙura da karyayyen ƙaho. Garke da shanu mata ake kafa shi, da karsana mai tasowa, da maraƙin da yau ba ya burge kowa amma nan da shekara uku shi ne abin nunawa, da tsohuwar saniyar da ta san hanyar rijiya ko da dare. Haka ƙungiyar ƙwallon nan take. Kowa idonsa na kan madugu, wanda ke jefa ƙwallo, shi ake sa wa hoto a jarida. Amma a gabansa akwai ƙarti biyar, kowanne ya kusa kilo 140, aikinsu kawai su tsaya kamar katanga kada a iso gare shi. Ba sa cin maki, ba mai rera musu waƙa. In ɗaya ya yi sanyi, madugun mai taurari biyar zai wuni yana cin ƙasa. Saban, mai sabulun nan naku, ya horar da ƙungiyar Jami'ar Alabama daga 2007 har ya ajiye aiki a farkon 2024, ya ci kofin ƙasa sau shida da su, bayan wanda ya ci da Jami'ar Jihar Louisiana a 2003. Kusan duk shekara manyansa na tafiya, kuma kusan duk shekara sai ka ga wani ya fito daga benci kamar dama shi ake jira. Sirrin ba a ɓoye yake ba: a bayan kowane ƙato akwai wani da ake kiwo, a bayan wannan ma akwai wani ƙarami da bai fara gemu ba.

To mu fa? Mu ɗan kokowa na ɗaya da na biyu muke sani, mu haddace kirarinsu, mu san bokansu da launin layunsu. Na tara da na goma kuwa, cikon mota. Alhali a tsarin gasarmu faɗuwar na goma da faɗuwar na ɗaya duk faɗuwa ɗaya ake rubuta wa jiha. Kuma na goman bana shi ya kamata ya zama na ɗayan shekara huɗu masu zuwa, in da wani ya damu da shi bayan an watse. Ana yin tankaɗe da rairaya, a ware goma, a killace su 'yan makonni ana dafa musu nama, a tafi gasa, a dawo, kowa ya kama gabansa sai baɗi. Makiyayin da zai tuna da garkensa wata ɗaya a shekara, ku kuka san sunan da ake kiransa da shi a ruga, ni bakina da azumi.

Kada in cuce ku, akwai inda mai kalkuleta ya fi ni gaskiya. Ba a cin kofi da raguna. Jami'o'in da ke ɗaukar kofin nan kusan kullum su ne waɗanda suka fi kwasar masu taurari huɗu da biyar. Masu son labari mai daɗi sukan kawo Stetson Bennett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Blackshear, wanda ya shiga ƙungiyar Jami'ar Georgia a 2017 ba tare da an ba shi gurbin karatu kyauta ba, don an ce gajere ne. Ya bar ta ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Mississippi, ya dawo, ya zama madugu, ya ci musu kofin kakar 2021, na farko tun 1980, ya sake ci musu na 2022, inda suka lallasa Jami'ar TCU da 65 da 7. Labari ne mai sanyaya zuciya, amma ku dubi waɗanda suka kewaye shi: ƙarti ne zaɓaɓɓu, da yawansu manyan ƙungiyoyi suka yi rububinsu daga baya. Gajeren ya yi cara, Malam, na yarda, amma an gina masa akurki mai ƙofar ƙarfe, muzuru bai samu shiga ba.

Sai maganar sauya sheƙa, wadda na san ita ce ke ci muku tuwo a ƙwarya. Da can a Amurka haramun ne a ba ɗalibi ɗan wasa kuɗi, ko da yake ana yi ta ƙarƙashin tabarma. Jami'ar SMU da aka kama tana yi, an hana ta wasa ɗungum a 1987. Yau kuwa an buɗe ƙofa. Tun 2018 akwai rajistar da ɗan wasa zai sa sunansa in yana son barin jami'arsa. Tun watan Yuli na 2021 ya halatta ya ci kuɗin talla da sunansa da hotonsa. A 2025 kuma kotu ta amince jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyan 20.5 a shekarar farko. Deion Sanders da ya karɓi horar da ƙungiyar Jami'ar Colorado a ƙarshen 2022, ya tarar sun ci wasa 1 cikin 12, bai tsaya kiwo ba: ya share kusan duka garken ya sayo sabo. Shekarar farko ya ci 4, ta biyu ya ci 9. Tsofaffin Amurka suna ta salati, suna cewa amana ta mutu. Ni kuwa dariya suke ba ni, don mu mun daɗe da sanin wannan ciwo. Sau nawa kuka ga ɗan kokowa sanye da rigar wata jiha, ya buɗe baki zai yi kirari, sai ku ji Hausar ƙauyenku tsaf? Sai ku hau zaginsa, wai ya ci amanar gida. Wane gida? Gidan da bai san yana ci ko ba ya ci ba wata goma sha ɗaya? Wancan gari ya ba shi ɗaki da buhun shinkafa da ɗan abin yi, ku kun ba shi tafi. Ku gwada kai tafi kasuwar Dakoro ku ga tiya nawa ake aunawa da shi.

Ku kuma mutanen Doso, na hango ku kuna murmushi a gefe, wai ku ba da ku ake ba, tunda Kadri Abdou, Issaka Issaka, ya kai muku takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Allah ya ƙara, ba hassada. Amma tsakani da Allah, kun ajiye maraƙi a bayansa, ko kuwa kun zaci shi ba ya tsufa?

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk sha'anin Amurkawan nan ba agogon ba ne, ba taurarin ba ne. Zuwa gida ne. Mutumin da albashinsa ya haura dalar Amurka miliyan 11 a shekara, kamar Saban a ƙarshen aikinsa, zai hau jirgi, ya sauka, ya shiga mota, ya je wani lungu, ya zauna a kujerar wata tsohuwa, ya ci abin da ta dafa ko da gishiri ya yi yawa, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Ya san in uwa ba ta yarda ba, hula ba ta hawa kai. Tambayoyinta kuwa irin na Inna ne na ko'ina: zai yi karatu? In ya karye wa zai yi jinyarsa? Wa zai tsawata masa in ya fara rawar kai? Innar yaron bakin rijiya ma tana da nata tambayoyin, kuma ba su fi ƙarfin amsa ba: wa zai ja wasaki in ya tafi, nawa ne kuɗin mota zuwa Dakoro, a gidan wa zai kwana, wa zai dawo mata da shi lafiya. Ba jirgi ake bukata ba. Babur ne, da man da zai kai shi ya dawo, da goro, da turmin atamfa in an samu, da dattijo ɗaya wanda ya taɓa sa walki, ya san bambancin mai ƙarfi da mai kokowa. Lokacinsa ma sananne ne: bayan girbi, sa'ad da kowane ƙauye ke share dandali, ganga na tashi da dare.

Na faɗi haka a majalisa, sai dattijon nan mai tambayar sabulu ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce shi a zamaninsa ya yi kokowa, har ya taɓa kada wani ƙato a Kornaka. Na ce madalla, Baba, ashe ga wanda za mu tura. Ya ce gwiwarsa ba ta son babur. Mai rediyo ya ce shi ranar yana da suna. Mai kalkuleta ya ce zai ba da kuɗin mai, amma a fara kawo masa yaron ya gani tukuna. Malamin zaure ya buɗe baki zai sake kawo maganar zakara, mai shayi ya miƙa masa kofi na uku ya ce ya sha da zafinsa.